Inda Aka Yi Tuntuɓe: Yadda Matuƙan Jirgin Sama Ke Kuskure Tsayi Lokacin Gangarowa

Duk wanda ya taɓa zama kusa da taga a jirgin sama, daidai saitin fiffike, wataƙila ya ga wannan abu. Saura kamar minti 20 a sauka, sai wasu faranta su ɗago daga saman fiffiken, jirgin ya ɗauki karkarwa, a ji wani ƙugi yana tasowa daga ƙarƙashin kujeru. Fasinja yakan ɗauka wani abu ne ya lalace. Babu abin da ya lalace. Birkin iska ne matuƙi ya ja, kuma sau da yawa dalilin guda ne: can gaba akwai wani wuri a sararin sama da aka ce lallai jirgin ya ratsa shi a wani tsayi ƙayyadadde, lissafi kuma ya nuna masa cewa ya yi sama da yawa.

Kusa da manyan filayen jirgi akwai hanyoyin shigowa da aka zana a taswira, kowace da sunanta, a kan kowace kuma an jera zango-zango. Zangon nan ido ba ya ganinsa. Wuri ne da aka tsayar da lambobin taswira, aka raɗa masa suna, galibi mai haruffa biyar, yadda za a iya furta shi a rediyo. A gefen sunan ake rubuta tsayi da ma'aunin ƙafa. In an ja layi a ƙarƙashin lambar, ana nufin kada ka yi ƙasa da haka. In a samanta aka ja, kada ka ɗara haka. In an ja sama da ƙasa, to daidai nan ake son ka. Wani lokaci lambobi biyu ne, misali 15,000 da 13,000, sai ka bi ta tsakaninsu kamar mai shiga ƙofa. Wani zangon har da sharaɗin gudu. Ban da abin da ke taswira, jami'in da ke kula da zirga-zirgar jirage daga ƙasa yana iya ba da nasa sharaɗin ta baki: ka ratsa zango kaza a ƙafa 11,000, da gudun mil 250 a awa. Duk mil da za a ambata a nan mil ɗin teku ne, wanda jirage ke amfani da shi, kilomita 1.852.

Lambobin ba ado ba ne. A wani wurin dutse ne a ƙasa. A wani wurin jiragen da suka tashi ne ke hawa suna ratsa hanyar masu shigowa, an tsara masu tashi su bi ta ƙarƙashi, masu shigowa su bi ta sama, tsakaninsu ƙafa 1,000 kacal, wato kimanin mita 305. A wani wurin kuma iyaka ce tsakanin jami'ai biyu, sun yi yarjejeniya cewa kowane jirgi za a miƙa shi a tsayi kaza, jami'in da zai karɓa ya gina duk tsarinsa a kan haka. Shi ya sa a Amurka da Turai, kauce wa tsayin da aka ba ka da ƙafa 300 ake lissafa shi a matsayin saɓa umarni. Jirgin da ke gangarowa ƙafa 2,500 a minti yana cinye ƙafa 300 cikin daƙiƙa bakwai.

Abin da nake so mai karatu ya riƙe shi ne, da wuya a yi kuskuren a kan zangon kansa. A zangon ake ganin faɗuwar, amma tuntuɓen an yi shi tun mil 40 ko 80 a baya, lokacin da komai ke tafiya lami lafiya kuma babu wata ƙararrawa da ta kaɗa.

Mu fara da lissafin, domin a nan ne yawancin mutane ba su san wahalar abin ba. An ƙera jirgin fasinja na zamani ne don ya tsaga iska da ƙaramin mai, kuma wannan sulɓin nasa shi ne ke hana shi gangarowa da sauri. Ko an sauke wutar injinan zuwa ƙarshe, yana shawagi ne a hankali. Matuƙa suna da wani lissafin ka da kowa ke koya tun yana ɗalibi: kowace ƙafa 1,000 da za a sauke tana cin mil uku. A ɗauka jirgi yana ƙafa 37,000, an ce ya ratsa wani zango a 11,000. Zai sauke 26,000 ke nan, sau uku, mil 78. In kuma an ce ya iso da gudun 250 alhali yana gangarowa da 300, sai a ƙara mil ɗaya a kan kowane 10 da zai rage, mil biyar. In iska na tura shi ta baya da ƙarfi, a ƙara wasu. Kafin ka ankara an doshi mil 90. Jirgin nan yana cin kusan mil bakwai da rabi a minti. Ke nan in aka yi jinkirin minti biyu ba a fara gangara ba, ko don jami'in ƙasa ya riƙe shi saboda wani jirgi na ƙarƙashinsa, ko don rediyo ta cika da magana an kasa samun sarari, an yi asarar mil 15. Mil 15 kuwa ƙafa 5,000 ne. Minti biyu kawai.

Wani zai ce to ya dunƙufar da hancin jirgin mana. In ya yi haka gudu zai ƙaru, ga kuma sharaɗin gudu na jiransa. A Amurka doka ce, ƙasa da ƙafa 10,000 ba a wuce 250, ƙasashe da dama ma haka suke yi. In kuma ya ɗaga hanci don rage gudu, gangarar ta tsaya. Taura biyu ba ta taunuwa, kuma matuƙa suna faɗin haka a tsakaninsu: ko ka rage gudu, ko ka sauko, jirgin ba zai ba ka duka biyun a lokaci guda ba. Wannan ne ya sa umarnin da ya fi rikita lissafi shi ne wanda ke zuwa a tsakiyar gangara, jami'i ya ce a rage gudu saboda jirgin gaba, amma sharaɗin tsayin yana nan daram. Birkin iska yana taimakawa, sai dai ƙarfinsa na raguwa in gudu ya ragu, wato yana gazawa daidai lokacin da aka fi bukatarsa. Ga kuma ƙananan abubuwa da ke taruwa. In an shiga gajimare mai sanyi aka kunna na'urar hana ƙanƙara, injin yakan ƙara wuta da kansa, gangarar ta ƙara kwantawa. Jirgi mai nauyi, abin mamaki, ya fi mara nauyi bukatar doguwar hanya in gudunsu ɗaya. Iskar da aka yi hasashe tun kafin tashi awa takwas da suka wuce ba lallai ita za a tarar ba.

To ai akwai kwamfuta, ko ba haka ba? Akwai, kuma ta iya aikinta. A nan ne ma batun ya fi zurfi.

Kwamfutar jirgi tana karanta hanyar shigowa da duk sharuɗɗanta, ta faro lissafi daga titin sauka ta dawo baya, zango bayan zango, har ta tsayar da wurin da ya kamata a fara gangara. Ta zana wata hanya a iska wadda ta bi ta kowace ƙofa. In matuƙi ya miƙa mata ragama, na'urar tuƙi za ta bi wannan hanyar sau da ƙafa. A jiragen Boeing maɓallin wannan tsari VNAV aka rubuta a kansa. A jiragen Airbus da mamurɗin tsayi ake yi: in ka danna shi ciki, ka ba kwamfuta ragama, in ka jawo shi waje, ka karɓe. Sannan a gaban matuƙan, a saman allo, akwai wata ƙaramar taga da ake murɗa lambar tsayi a ciki. Wannan lambar ita ce shingen ƙarshe, na'urar tuƙi ba ta tsallake ta.

Da can jami'in ƙasa ne ke sauko da jirgi mataki-mataki. Sauka zuwa 24,000. Sauka zuwa 17,000. Sauka zuwa 11,000. Kowane mataki a murɗa shi a taga, ɗaya matuƙin ya duba ya tabbatar. Hanyar tana cin mai, tana cika rediyo da magana. Sai aka zo da tsarin gangara ba tsayawa, inda jami'in zai faɗi jimla guda, ka gangara bisa ga hanyar kaza, shi ke nan ya ɗora maka sharuɗɗa biyar ko bakwai da ke taswira. An samu sauƙin mai da ƙarancin hayaniya, wannan gaskiya ne. Amma nauyin da ke bakin jami'i ya koma cikin kwamfuta da idon matuƙi. Kamfanoni da yawa sun yarda a murɗa tsayi mafi ƙasa na hanyar a cikin taga, a ce 6,000, a bar kwamfuta ta tsare sauran sharuɗɗan da ke tsakani.

Yanzu a duba abin da ke faruwa. Jirgi na gangarowa, kwamfuta na riƙe da hanya, taga na nuna 6,000, gaba kaɗan akwai zangon da aka ce kada a yi ƙasa da 14,000. Jami'i ya ce a hanzarta gangara, ko matuƙi ya ga ya ɗan yi sama yana so ya kamo hanyar. Sai ya danna wani maɓalli, wanda a Boeing aka rubuta FLCH ko LVL CHG a kansa, ko a Airbus ya jawo mamurɗin nan waje. Wannan tsarin bai san zango ba, bai san taswira ba. Abu ɗaya ya sani, lambar da ke taga. Zai sauke wuta ya nufi 6,000 kai tsaye, ya ratsa 14,000 bai ko waiwaya ba. Na'urar ba ta yi laifi ba, abin da aka ce ta yi ta yi. Matuƙin kuma a zuciyarsa kariyar tana nan, domin daƙiƙa goma da suka wuce tana nan. Shi ya sa ƙa'idar aiki a kamfanoni da dama ta ce duk lokacin da ka karɓe ragama daga kwamfuta, hannunka ya wuce taga ka mayar da lambar zuwa sharaɗi na gaba. Ƙa'idar mai sauƙin faɗa ce. Tunawa da ita a lokacin da rediyo ke kira, ma'aikaciyar jirgi na buga waya daga baya, ga gajimaren hadari a gaba, shi ne aikin.

Wani lokacin ma ba wanda ya taɓa komai. In iskar baya ta fi yadda aka gaya wa kwamfuta, jirgin zai riƙa ƙara gudu don ya zauna kan hanyar da ta zana. In gudun ya kai wata iyaka, sai ta saki hanyar ta koma tsare gudu. A Boeing kalma ɗaya ce ke canzawa a saman allon matuƙi, ƙaramin rubutu, babu ƙara. Daga nan jirgin na yin sama da hanyarsa a hankali. A Airbus kuma, in jami'i ya karkatar da jirgi daga hanyarsa ya ba shi wata alƙibla, tsarin gangarar kwamfuta yakan fita da kansa, domin jirgin ba ya kan layin da ta yi lissafi a kai. Kwamfutar takan rubuta saƙo cewa tana bukatar ƙarin birki, ko ba za ta iya kai wa tsayi na gaba ba. Sai dai saƙo ne a ƙasan allo, kuma yana amfani ne ga wanda ya duba. A ganina wannan shi ne babban ramin: na'urar da ke yin daidai kusan kullum tana koya wa mutum ya daina ƙirga, ranar da ta janye hannu kuma ba ta ɗaga murya.

Akwai kuma sharuɗɗan da ke gogewa daga cikin kwamfutar. Jami'i ya ce a miƙe kai tsaye zuwa wani zango na gaba, matuƙi ya shigar, duk zangunan da ke tsakani su ɓace da lambobinsu. Ko a canza titin sauka ana tsakiyar gangara, a sake ɗora hanyar, sharaɗin da aka shigar da hannu ɗazu ya tafi tare da tsohuwar. Mafi munin darasi a kan wannan shi ne na jirgin American Airlines mai lamba 965, ƙirar Boeing 757, da ya taso daga Mayami zuwa Kali a Kolombiya daren 20 ga Disamba 1995. An yi musu tayin sauka ta titin da ya fi kusa, suka karɓa alhali sun yi sama kuma suna da gudu, suka ja birkin iska. Miƙewa kai tsaye da aka shigar ta riga ta goge zangunan hanyar daga allo. Da suka nemi Rozo, wata tashar rediyo mai yi wa jirage jagora a kan hanyar saukarsu, suka danna harafin R, kwamfuta ta ɗauko wata tasha mai suna Romeo da ke kusa da Bogota, jirgin ya karkata zuwa duwatsu yana ci gaba da gangara. Mutum 159 suka rasu, huɗu suka tsira. Lokacin da ƙararrawar kusantar ƙasa ta kaɗa suka ba injin wuta don hawa, birkin iskan nan yana ɗage.

Kunne ma yana da nasa rabon. Lambobin 10,000 da 11,000 sun yi ƙaurin suna wajen rikita matuƙa, domin a rediyo ɗaya bayan ɗaya ake karanta su, ɗaya sifili, ɗaya ɗaya, kuma kunne yakan ji abin da ya saba ji a wannan wurin. Saboda haka a Birtaniya ake kiran matakin tsayi na 100, wato ƙafa 10,000, da sunan ɗari kai tsaye. A ranar 19 ga Fabrairu 1989, wani jirgin kaya na Flying Tiger, ƙirar Boeing 747, yana shirin sauka a Kwala Lamfur, jami'i ya ba shi izinin sauka zuwa ƙafa 2,400. A Turanci kalmar biyu da kalmar zuwa sautinsu ɗaya ne, tu. Matuƙan suka ji an ce zuwa 400. Suka daki tsauni kafin su kai fili, duk mutum huɗun da ke ciki suka mutu. Ƙa'ida ita ce matuƙi ya maimaita umarni, jami'i ya saurari maimaicin ya gyara in da kuskure. Amma jami'in da ke riƙe da jirage goma sha biyu shi ma ɗan Adam ne, yakan ji abin da yake zaton zai ji. Wani lokaci kuma taswira ko jami'i kan ce ka sa ran ratsa wuri kaza a tsayi kaza. Sa rai ba izini ba ne, amma lambar ta riga ta zauna a ka, wani lokaci har a taga.

Sai ma'aunin tsayin kansa. Da nauyin iska yake aiki, don haka dole a saita shi. A can sama kowa yana amfani da saiti ɗaya, hektofaskal 1013 ko inci 29.92. Da an sauko ƙasa da wani mataki, sai a koma saitin filin da za a sauka. A Amurka matakin yana wajen ƙafa 18,000, a sararin Landan kuwa 6,000. In aka manta, ranar da nauyin iska ya faɗi zuwa inci 29.42, ma'auni zai nuna 17,000 cif alhali jirgin na kusan ƙafa 500 ƙasa da haka, kuma matuƙan za su rantse sun cika sharaɗi. A ranar 23 ga Mayu 2022, wani Airbus A320 da ya taso daga Sitokholm zuwa filin Charles de Gaulle na Faris an ba shi saitin ma'auni 1011 a maimakon 1001. Bambancin 10 ɗin nan ya sa ya bi hanyar saukarsa kimanin ƙafa 280 ƙasa da inda ya kamata, cikin ruwan sama, ba sa ganin titi. Rahoton hukumar binciken hatsarin jirage ta Faransa ya nuna cewa lokacin da suka fasa sauka suka koma sama, ƙafa shida ne ya rage tsakaninsu da ƙasa.

Wani abu da ba a cika magana a kansa ba shi ne dokar ma ba ɗaya ba ce ko'ina. A Amurka, in kana bin hanyar shigowa sai jami'i ya ba ka sabon tsayi bai maimaita sharuɗɗan ba, sharuɗɗan tsayin sun faɗi. A tsarin hukumar jiragen sama ta duniya, ICAO, wanda ta sabunta lafazinsa a Nuwamba 2016, sharuɗɗan taswira suna nan sai in jami'i ya soke su da bakinsa. Matuƙin da ya tashi daga wannan nahiya da daddare ya wayi gari a waccan, bayan awa goma a kujera, dole ya tuna a wace ƙasa yake kafin ya fassara jimlar da ya ji.

Mutum biyu ne a ɗakin tuƙi saboda irin wannan. Ɗaya na tuƙi, ɗaya na sa ido da riƙe rediyo. Amma gangara ita ce lokacin da ayyuka ke cunkushewa: sauraron rahoton yanayi, bitar yadda za a sauka, kiran kamfani, sanarwa ga fasinjoji, jerin abubuwan dubawa. Mai sa ido ya bar rediyo minti ɗaya, ya dawo an canza umarni. Ko duka biyun su sunkuyar da kai kan kwamfuta suna gyaran hanya, babu mai kallon tsayi. Tun 1981 Amurka ta hana duk wata hira da ba ta aiki ba ƙasa da ƙafa 10,000, doka ce mai kyau, sai dai sharuɗɗa da yawa suna sama da nan. Ƙwararrun matuƙa suna da ɗabi'un da suka fi ƙarfin doka. Wanda ya murɗa lamba a taga yakan ɗora yatsa a kanta ya faɗe ta, ba ya ɗagawa sai ɗayan ya nuna ta ya maimaita. Ana kiran saura ƙafa dubu kafin kowane tsayi. Kuma ko kwamfuta na tuƙi, suna ci gaba da lissafin ka: saura mil 30, saura ƙafa 12,000, sau uku 36, mun yi sama. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Wannan lissafin na daƙiƙa biyar shi ne ke gano matsalar tun tana da magani.

Da an gano, akwai kalma guda a lafazin rediyo da aka tanada domin wannan rana, ma'anarta ba zan iya ba. Halattacciya ce, babu hukunci a kanta. In matuƙi ya faɗe ta saura mil 30, jami'i na da zaɓi da yawa: ya ɗage sharaɗin gudu, ya karkatar da jirgin ya ƙara masa hanya, ya riƙe mai tasowa a ƙasa kaɗan, ko ya ce kawai ka yi iya ƙoƙarinka domin babu kowa a wurin. In ya faɗe ta saura mil uku, labari ya ba shi. Abin da ke hana faɗinta da wuri sananne ne ga duk mai sana'a: fatan cewa za a kamo, da nauyin bakin amsa cewa lissafi ya kufce. Ina ganin ya kamata masu horarwa su riƙa yaba wa matuƙin da ya faɗi kalmar nan da wuri kamar yadda suke yaba wa wanda ya sauke jirgi lafiya cikin iska mai ƙarfi. Jami'an ƙasa su ma akwai nasu. Wanda ya riƙe jirgi a sama har ya wuce wurin fara gangara, sannan ya nemi a rage gudu kuma a cika sharaɗi, ya nemi abin da fiffike ba zai bayar ba.

Mafi yawan irin wannan kuskure yana ƙarewa ne ba tare da fasinja ya sani ba. Sararin sama na da faɗi, ga rada na gani, a wasu wurare kamar Birtaniya ma jami'i yana ganin lambar da matuƙi ya murɗa a tagarsa, yana iya gyara masa kafin jirgi ya motsa. Jiragen fasinja kuma na ɗauke da na'urar kauce wa karo, wadda ke umartar ɗaya ya hau ɗaya ya sauka in sun kusanci juna. Amma an san abin da ƙafa 1,000 ke nufi ranar da babu waɗannan. A 12 ga Nuwamba 1996, kusa da Charkhi Dadri a Indiya, wani jirgin Kazakistan ƙirar Ilyushin 76 da ke shigowa Delhi an ba shi ƙafa 15,000. Jirgin Saudiyya ƙirar Boeing 747 da ya tashi daga Delhi an tsayar da shi a 14,000, a kan hanya ɗaya, suna fuskantar juna. Na Kazakistan ya ci gaba da gangara ya wuce tsayinsa. Radar filin a lokacin ba ta nuna tsayin jirgi. Mutum 349 suka mutu, babu karon jirage biyu a sama da ya taɓa cin rayuka haka.

In abin ya tsaya a kuskure, a Amurka matuƙi yakan ji jami'i ya ce akwai yiwuwar an saɓa umarni, ga lambar waya a kira bayan sauka. Babu matuƙin da ke son jin wannan jimla. Sai dai yadda ake bi da abin da ke biyo baya ya samo asali ne daga wani hatsarin gangara. A ranar 1 ga Disamba 1974, jirgin TWA mai lamba 514, ƙirar Boeing 727, an karkatar da shi zuwa filin Dulles na Washinton saboda iska. Jami'i ya ba shi izinin fara shirin sauka tun yana nesa. Matuƙan suka fahimci cewa izinin ya ba su damar sauka zuwa ƙafa 1,800 nan take, alhali taswira na nuna 3,400 a yankin da suke. Sun ma yi maganar lambar a tsakaninsu. Shi kuma jami'in yana ganin kiyaye tsayi a wuyansu yake. Jirgin ya daki dutsen Mount Weather a Bajiniya, duk mutum 92 suka rasu.

A wurin bincike ne aka gano cewa makonni shida kafin nan, wani jirgin United ya yi irin wannan fahimtar a kan hanyar nan, ya wuce dutsen da ƙyar. Matuƙansa sun kai rahoto ga kamfaninsu, kamfanin ya gargaɗi nasa matuƙan, amma babu wata kafa da labarin zai bi ya kai ga matuƙan TWA. A 1976 aka kafa tsarin rahoton sirri na ƙasa baki ɗaya, aka damƙa shi ga hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, domin ita ba ta hukunta kowa. Matuƙin da ya kuskure tsayi ba da gangan ba, in ya aika rahoto cikin kwana 10, ana cire sunansa daga takardar, kuma in ya cika sharuɗɗan tsarin ba a zartar masa da tara ko dakatar da lasisi. Daga irin waɗannan rahotanni ne ake gane zangon da matuƙa daban-daban, na kamfanoni daban-daban, ke ta kuskurewa a wuri guda, sai a koma a duba ko taswirar ce ke bukatar gyara.